Tiren manna ƙarfen haƙori: na firinta, na silikon, na roba, ko a bar wa hannu?

Wayar da ke ratsa bakin mai ƙarfen gyaran haƙori ba ita ke yanke inda haƙori zai je ba. Ita ja kawai take yi. Wurin da haƙori zai tsaya a ƙarshe, da yadda zai karkata, da inda saiwarsa za ta kwanta cikin ƙashi, duk ɗan ƙarfen nan da aka manna masa a fuska, wato baraket, shi ke faɗa. A da likita ne ke zama ya lanƙwasa waya haƙori bayan haƙori. Tun da Lawrence Andrews ya fito da tsarin miƙaƙƙiyar waya a shekarun 1970, sai aka kwashe wannan lissafi aka zuba shi cikin jikin baraket ɗin kansa. Aiki ya yi sauƙi, amma nauyi ya taru a kan rana guda, ranar mannawa. In baraket ya zauna a karkace, waya za ta miƙar da shi, ta bar haƙorin a karkace.

Hanya biyu ce dama tun asali. Ko likita ya ɗauki baraket ɗaya-ɗaya da hantsaki ya ɗora a kan haƙori yana aunawa da ido da ɗan ma'auni, ko kuma a jera su a waje, a kan kwafin haƙoran, cikin natsuwa, babu yawu babu harshe, sannan a kwaso su gaba ɗaya cikin wani tire mai siffar jerin haƙoran a kifa a baki. Silverman da Cohen ne suka bayyana hanya ta biyun a 1972. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne kwafin ya koma cikin kwamfuta. A ɗauki hoton baki da sikana irin su Trios ko iTero, a jera baraket a manhaja irin su OrthoAnalyzer ko OnyxCeph, firintar 3D ta fitar da tire.

Mai asibitin da ke shawarar sayen waɗannan kaya, da mai haɗa tire a ɗakin aiki, da iyayen da aka ce musu “na kwamfuta ya fi daidai”, duk abu ɗaya suke so su ji. To, ba zan ja rai ba. Tiren firinta yana kai baraket inda aka tsara, a tsaye da a kwance, da kuskuren da bai kai a damu ba. Amma na silikon ma haka yake, kuma ya riga shi. Inda ya kamata a yi zaɓi shi ne wajen kusurwa, da yadda tire ke zama a baki, da abin da ke faruwa sa'ad da ake ɓare shi.

Da me ake aunawa?

Baraket yana iya kaucewa ta fuska shida. Uku na tazara ne: ya hau ko ya sauka a tsayin haƙori, ya gusa dama ko hagu, ko ya ɗago daga fuskar haƙori saboda gam ya yi kauri a ƙarƙashinsa. Uku kuma na kusurwa ne: ya karkata gefe, ya murɗe, ko ya jingina ciki ko waje, wanda likitoci ke ce wa tok. Kusan duk binciken da ake yi yana karɓar kuskuren da bai wuce milimita 0.5 ba a tazara, da digiri 2 a kusurwa. Rabin milimitar an aro ta ne daga tsarin da hukumar tantance ƙwararrun likitocin gyaran jerin haƙora ta Amurka ta fitar a 1998 don duba aikin da aka kammala. Digiri 2 kuwa ƙiyasi ne na karkatar da za ta sa gefen turmi ya ɗara na maƙwabcinsa da wajen rabin milimita.

Waɗannan iyakoki biyu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma masu tallan kaya ba sa tsayawa su bayyana haka. Rabin milimita sassauci ne mai yawa. In haƙoran gaba biyu na sama suka bambanta da rabin milimita a tsayi, mai su zai gani a madubi. Sannan kuskure haɗuwa yake yi: wannan baraket ya hau da 0.3, na kusa da shi ya sauka da 0.3, kowannensu ya ci jarrabawa, amma tsakaninsu akwai 0.6. Don haka in an ce maka “kashi 100 sun faɗa cikin iyaka”, nemi a nuna maka matsakaicin kuskuren da kuma mafi muninsa. Digiri 2 kuwa tsanani ne. Faɗin baraket bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Gefe ɗaya ya ɗago da kashi ɗaya cikin goma na milimita, abin da ido ba ya kamawa, ka riga ka kusa kai digiri 2. Ita kanta sikanar da ake awon da ita kuskurenta na iya kusantar haka, balle a kan ƙarfe mai ƙyalli da ke mayar da haske. Shi ya sa kowane irin tire yake fitowa da kyau a tazara, ya yi rauni a kusurwa. Wani ɓangaren raunin na tire ne, wani na ma'auni.

Akwai bincike biyu daga Jami'ar Minnesota da aka yi a bakin mutane na gaske. A 2016 Grünheid da abokan aikinsa sun gwada tiren silikon: a gusawa gefe da ɗagowa daga haƙori, sama da kashi 98 na baraket sun zauna cikin iyaka, a tok kuma wajen kashi 80. A 2022 Bachour da abokan aiki sun gwada tiren firinta: a tazara dukansu sun zauna cikin iyaka, a kusurwa kuwa wajen rabi kawai. Kada a yi saurin cewa silikon ya lashe. Na farkon da hoton CBCT, wato eksire mai fitar da siffar 3D, aka auna, na biyun da sikanar baki, ba mudu ɗaya ba ne. A ɗakin gwaji, a kan haƙoran filasta ko na roba, tiren firinta da na silikon sukan yi kunnen doki ko su bambanta da abin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai a can babu kunci, babu yawu, babu yaron da ya gaji da buɗe baki.

Abin da ya fi jan hankalina a irin waɗannan awo shi ne kuskuren yana da alƙiblar da ya fi bi. Sau da yawa baraket yakan ɗan ɗago daga fuskar haƙori, a wasu binciken kuma ya matsa wajen kaifinsa, nesa da dasashi. Duka biyun suna iya zama alamar abu ɗaya: tire bai gama zama a kan haƙora ba.

Tiren da firinta ke bugawa kai tsaye

Wannan shi ake yayi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Amfaninsa a bayyane yake. Babu ɗaukar siffar haƙora da ƙullun alginet mai motsewa in ya daɗe, babu zuba filasta. Likita yana ganin haƙori an ƙara girmansa a allo, yana juya shi ta kowace fuska, wasu manhajojin ma suna nuna masa yadda jerin zai miƙe in baraket suka zauna a inda ya sa su. Tiren garai yake, hasken fitilar busar da gam yana ratsa shi. In ya yage ko ya ɓata, fayil yana nan, a sake bugawa.

Sai dai sarƙar doguwa ce, kuma kowane zobe yana zuba nasa ɗan kuskure. Sikana tana ɗinka ƙananan hotuna ne ɗaya a jikin ɗaya, kuskuren ɗinkin yana taruwa yayin da ake tafiya daga wannan turmi zuwa wancan. A kan haƙora uku ko huɗu ba komai ba ne, amma tire guda da ya ratsa baki daga ƙarshe zuwa ƙarshe yana jin sa. Duk dauɗar da ta ƙandare a gindin haƙori, in ba a kankare ta kafin a ɗauki hoto ba, sikana za ta ɗauke ta a matsayin haƙori, ranar mannawa kuma an wanke ta, sai a sami gurbi. Haka kumburin dasashi. Haka tazarar kwanaki tsakanin hoto da mannawa: haƙori ba ya jira, musamman na yaron da wasu haƙoransa ke kan fitowa, ko wanda aka cire wa haƙori a tsakani, ko aka sa masa robar raba turame.

Bayan nan sai baraket ɗin da ke cikin manhaja. Dole ya zama shi ne ainihin wanda ke cikin kwali, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Ramin da zai zauna a cikin tire an zana shi ne a kan wannan hoton, da ɗan sarari da mai zane ke bari. In sararin ya yi kaɗan, baraket ba zai shige har ƙuryar ramin ba, ko kuma tire ya riƙe shi gam ya fizge shi daga haƙori wajen cirewa. In ya yi yawa, baraket zai yi rawa a ciki, kuma rawar nan ita ce kuskuren kusurwa. A nan gizo ke saƙar. Duk zanen tire ciniki ne tsakanin riƙo da saki: wanda ya lulluɓe kunnuwan baraket da ƙugiyarsa gaba ɗaya ya fi riƙe kusurwa, ya fi wuyar cirewa, wanda ya kama rabi kawai yana saki cikin sauƙi, amma yana ba da damar jingina.

Rezin ma haka, wato ruwan robar da firinta ke buga tire da shi. Mai tauri yana riƙe siffarsa, in ya zauna ka ji ya zauna, amma ba ya shiga cunkoso. In haƙora sun hau kan juna, kowanne ya fuskanci nasa wuri, babu hanya ɗaya da tire mai tauri zai bi ya shiga ya fita ba tare da ya taɓa wani baraket ba. Mai laushi, irin IBT na Formlabs ko Ortho IBT na NextDent, yana lanƙwasa ya bi, amma yatsan da ya danna shi fiye da kima yana iya karkatar da abin da ke ciki. Wasu sukan haɗa biyun, mai laushi a ciki, murfi mai tauri a waje, ko su kaurara saman tire inda ya hau kaifin haƙora su sirantar da inda ya rufe baraket. Wannan zane na biyun ya fi kwanta mini.

Sannan ɗakin aiki. Ana buga irin wannan tire ne hawa-hawa, kowane hawa maikiron 50 zuwa 100, wato milimita 0.05 zuwa 0.1, kuma yadda aka jingina shi a kan farantin firinta yana shafar ramukan. Ƙafafun da ke tallafe shi ba a yarda su taɓa cikinsa ba. Wanki cikin sifirit na isofurofil yana da ƙa'idar minti: a gajarta, rezin ɗanye ya maƙale a ƙuryar rami ya hana baraket zama, a tsawaita, tire ya sha ya kumbura. Gasa shi da haske ma haka, in ya wuce ya yi tauri ya fara tsagewa. In an gama a ajiye shi a duhu, kuma kada ya daɗe a ajiye. Firinta biyu iri ɗaya a hannun mutum biyu ba lallai su ba da tire iri ɗaya ba, kuma babu takardar talla da za ta faɗa maka haka.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa. A wannan hanya gindin baraket tsirara yake zuwa baki, gam ɗin da aka shafa masa a ranar shi zai cike tsakaninsa da haƙori. In ya yi kaɗan, a bar gurbi a ƙarƙashi. In ya yi yawa, ya fantsamo gefe a ƙarƙashin tire inda ba ka iya share shi, fitila ta busar da shi, sai an bi da injin gogewa. Gam ɗin da aka bari yana tara dauɗa kusa da dasashi. Baraket masu zuwa da gam ɗinsu daga kamfani, irin APC Flash-Free da kamfanin 3M ya fito da shi, suna rage wannan matsala sosai, amma sun fi tsada.

Silikon, roba, da na haƙori ɗaya-ɗaya

Tiren silikon ya daɗe, kuma har yanzu da shi ake gwada sauran. A tsohuwar hanya ana manna baraket na gaske a kan filasta da gam mai kauri, gam ɗin ya ɗauki siffar fuskar haƙorin, kamar yadda Thomas ya bayyana a 1979. Ranar mannawa siririn gam kawai ake buƙata, don haka fantsama kaɗan ce. Silikon yana kwarara ya rungume baraket ta kowane lungu, ba a buƙatar wani ya zana masa sarari, in ya lanƙwasa kuma yana komawa siffarsa. A 2014 Castilla da abokan aiki sun gwada hanyoyi biyar a ɗakin gwaji, masu silikon suka fito da daidaito mai ɗorewa, tiren roba mai hawa biyu kuma ya fi kaucewa a tsayi. Wahalar silikon ita ce hannu da lokaci. Sai mai haɗawa ya ƙware, tiren yana da kauri a baki, kuma irin wanda haske ba ya ratsawa yana tilasta amfani da gam mai bushewa da kansa, irin wanda Sondhi ya fito da shi a 1999. Da zarar ka haɗa shi agogo ya fara gudu.

Akwai tsaka-tsaki da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa: a tsara a kwamfuta, a buga kwafin haƙoran ɗauke da siffar baraket a jikinsu da rezin mai tauri, a zuba silikon garai a kai, sannan a cusa baraket na gaske a ramukan. Ka sami tsarin kwamfuta, ka sami riƙon silikon, kuma firinta ta yi abin da ta fi iyawa, wato buga abu mai tauri. Mataki ɗaya ya ƙaru, amma ga wanda firintarsa ba ta jituwa da rezin mai laushi, wannan ce mafita.

Tiren robar da ake gasawa a zuƙe iska ta manne a kwafi shi ne mafi araha da sauri, kuma shi zan sa a ƙarshe. Roba tana miƙewa ta sirance a inda ta fi nisa da saman haƙori, wato daidai inda baraket yake. Yana aiki a bakin da babu cunkoso sosai. Fiye da haka ba zan dogara da shi ba.

Ƙananan maɗaukai, wato guntayen tire na haƙori ɗaya ko biyu, kuwa wani babi ne. Su ake amfani da su a tsarin da ake ƙera wa kowane mutum nasa, irin Insignia, da kuma lokacin sake manna baraket na bayan haƙora, irin Incognito. A bayan haƙora, inda ido ba ya gani da kyau kuma fuskar kowane haƙori daban take, ba a ma maganar mannawa da ido. Tire ko maɗauki dole ne.

Minti biyun da komai ya rataya a kansu

An wanke haƙora, an shafa asid na fosforik mai ƙarfin kashi 37 na daƙiƙa 15 zuwa 30, an ɗauraye, an busar har fuskar haƙori ta yi fari fat ba ƙyalli. An sa abin buɗe kunci, auduga tana ƙarƙashin harshe, bututun zuƙe yawu yana aiki. Mataimaki ya miƙo tire. Likita ya kifa shi daga saman haƙora, ya danna kaifinsu tukuna har tire ya kai ƙasa, sannan ya tallafi gefen kunci da yatsa a hankali. A turmin ƙarshe na ƙasa, can inda kunci ke matse tire kuma yawu ke taruwa, ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata mannawar, kuma ba za ka gan shi ba domin tire ya rufe. Fitila ta bi haƙori ɗaya-ɗaya. Sai cirewa: a ɗaga daga gefen harshe, a naɗo tire waje a hankali, ana sakin kunnuwan baraket ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ja shi sama kai tsaye zai ga baraket ɗaya ko biyu sun biyo tire. Bayan an cire a sake haskawa, domin hasken da ya ratsa tire ya rage ƙarfi.

Duk wanda ya kalli wannan zai gane dalilin da ya sa mutane da yawa suke yanka tire gida biyu ko uku. Guntun tire ya fi saurin zama, ya fi sauƙin karewa daga yawu, kuskuren ɗinkin sikana bai taru a cikinsa ba. Amma kada ya yi gajarta har ya rasa inda zai kama. Yanki mai haƙora uku zuwa shida yakan zauna daram.

To, hannu fa?

Mannawa kai tsaye ba ta mutu ba, kuma hujjar da ke nuna tire ya fi ta ba ta kai yadda ake zato ba. Binciken Koo da abokan aiki na 1999 ya sami tire ya fi daidai a tsayin baraket, amma bai sami bambanci a karkata ko gusawa gefe ba. Abin da tire ke yi da gaske shi ne rage manyan kurakurai, irin na turame da haƙoran da ke gabansu, inda likita ke leƙe ta gefe. A haƙoran gaba ƙwararren hannu ba ya jin tsoron kowa.

A 2021 Czolgosz da Cattaneo da Cornelis sun buga gwajin da aka yi a Denmark, inda aka manna wa mutum ɗaya wani sashen bakinsa da tiren kwamfuta, wani sashen da hannu. Zaman kujera ya fi gajarta da tire. Amma da aka haɗa da lokacin tsarawa a kwamfuta, jimillar ta fi ta hannu tsawo, kuɗin ya fi yawa, kuma wajen kashi 5 na baraket ɗin tire sun ɓalle nan take, na hannu babu ko ɗaya. Wannan shi ne cinikin a fili. Mai zaman kujera ya huta, aiki ya koma bayan fage, kuma a shirya sake manna ɗaya ko biyu da hannu.

Ba kowane kuskuren kusurwa ne ke kai wa ga haƙori ba, kuma wannan ya kamata ya kwantar da hankalin mai tsoron alƙaluman tok. Wayar ƙarshe da aka fi amfani da ita, mai inci 0.019 da 0.025, a cikin tsagar baraket mai inci 0.022 tana da sararin juyawa wajen digiri 10. Kuskuren digiri 2 ko 3 a tok yakan nutse a cikin wannan sarari. Karkata da murɗewa kuwa ba su da wurin ɓuya, ko siririyar wayar farko tana fito da su. Fiƙar sama doguwa ce. In baraket ɗinta ya karkace da digiri 5, ƙarshen saiwar zai kauce da kusan milimita 2, ya tunkari saiwar maƙwabciya. Don haka in kana duba sakamakon wani tire, fara da karkata, da murɗewa, da tsayi. Tsayin ma yana shafar tok ta bayan gida, domin fuskar haƙori a gantsare take, baraket ya hau ko ya sauka sai jinginarsa ta sauya.

Babban abin da duk waɗannan awo ba sa taɓawa shi ne ko wurin da aka tsara ma daidai ne. Suna auna tazarar da ke tsakanin allo da baki ne kawai. Tire ɗan aike ne, abin da aka ba shi shi zai kai. Sikana kan haƙori take gani, ba ta ganin saiwa. In kaifin haƙori ya cinye ta gefe ɗaya, manhajar da ta jera baraket da kanta tana iya bin cinyayyen kaifin ta karkatar da saiwa. Dole likita ya buɗe hoton eksire na muƙamuƙi kusa da allo, ya bi haƙoran ɗaya-ɗaya ya gyara. Asibitin da ke barin wannan mataki ga manhaja ko ga wanda bai taɓa ganin bakin ba, tirensa zai kai kuskure inda aka aike shi ba tare da ya kauce ko kaɗan ba. Wannan yana damuna fiye da duk muhawarar rezin.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne?

Asibitin da ya riga ya mallaki sikana da firinta, yana manna wa mutane da yawa, kuma yana da mutum ɗaya tsayayye da ke kula da wanki da gasawa bisa ƙa'ida, tiren firinta mai ɗan laushi, a yanka gida-gida, shi ya dace da shi. Wanda ke da sikana amma bugunsa bai daidaita ba, ya bi hanyar kwafi mai tauri da silikon garai. Wanda ke da ƙwararren mai haɗa tiren silikon kuma aikinsa na tafiya lafiya, ban ga hujjar daidaito da za ta sa ya watsar da shi ba; in zai koma kwamfuta, ya koma don ajiyar fayil da ganin tsari a allo. Likitan da ke manna wa mutum kaɗan a wata, kuma yawancinsu masu sauƙi ne, hannunsa da ma'auninsa sun ishe shi.

Irin bakin ma yana da ta cewa. Cunkoso mai tsanani yana son tire mai laushi ko silikon, gajere, a kuma tsallake haƙorin da babu wurin sa masa baraket a inda ya dace, a dawo masa in wuri ya samu. Gajerun haƙora da waɗanda ba su gama fitowa ba ba sa ba tire abin kamawa, gara hannu. Baraket na tangaran suna da kauri, kunnuwansu kuma suna karyewa, don haka ba sa son tire mai riƙon tsiya.

Ga wanda za a sa wa ƙarfen, ko iyayensa, sunan na'ura ba shi ne abin tambaya ba. A tambayi wa ke tsara wurin baraket, ko likitan da kansa yana dubawa tare da hoton saiwa, kwana nawa ne tsakanin ɗaukar hoto da mannawa, da kuma ko akwai ranar da aka ware a tsakiyar aiki don sake duba zaman baraket. Wannan rana ta ƙarshe ana buƙatarta ko da wane irin tire aka yi amfani: bayan haƙora sun miƙe, a ɗauki eksire, a ga saiwar da ta kauce, a ɓare baraket ɗinta a sake mannawa.

Asibitin da ke son sanin gaskiyar nasa tire yana da hanya a hannunsa. A sake ɗaukar hoton baki da sikana nan da nan bayan mannawa, kafin a sa waya, a ɗora shi a kan tsarin da ke cikin manhaja, a duba haƙoran da suka fi kaucewa da alƙiblar da suke bi. In kullum wajen kaifi suke matsawa, matsalar zaman tire ce. In turame ne kaɗai, a gajarta yankin baya. In karkata ce barkatai, a rage sararin ramin. A kuma riƙa rubuta baraket nawa ne suka biyo tire wajen cirewa, da nawa aka sake wa wuri a tsakiyar aiki, a gwada da na lokacin da ake yi da hannu.